Dara, Tatsuniya Da Wasan Sarauta: Gadon Da Ke Neman Mai Karɓa

Daga Wakilinmu

Babu abin da ke saurin kwance bakin ma'aikacin gwamnati wanda ya tashi a ƙauye kamar a ambata masa farin wata da dandali. Ko a Sakatariyar Audu Bako ne a nan Kano, ko a ofishin Ƙaramar Hukumar Rano ko na Kibiya, da zarar an taɓo zancen wasannin ƙuruciya sai ka ga an ture fayil gefe. Mutumin da tun safe bai ce uffan ba sai ya gyara zama, ya shiga ba da labarin yadda ya taɓa cinye wani dattijo a dara, ko yadda aka naɗa shi alƙali a wasan yara har ya yanke wa yayansa hukunci. Akan yi dariya, a girgiza kai, a ce kai, zamani ya canza. Amma in ka tambayi masu wannan bege ko a cikin 'ya'yansu akwai wanda ya san yawan gurabun dara, sai ka ji wuri ya yi tsit.

Da yawa daga cikinmu mun ɗora laifin wannan shiru a kan talabijin da wayar hannu, kuma lalle suna da nasu kason. Sai dai in aka bi diddigin al'amarin za a tarar akwai wani dalili da ya fi waɗannan zurfi, wanda ya shafi yadda gidajenmu suka sake fasali. Domin a fahimci wannan, ya kamata mu koma inda wasannin suke da saiwa, mu ga yadda ake yinsu, da kuma hannun wa suke bi kafin su kai ga yaro.

SAJI DA ƘASAR RANO

Saji ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Rano, a kudancin Jihar Kano. Rano kuwa tsohuwar ƙasa ce, tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano aka sani da sarakunan baba saboda sana'ar rini, kuma har gobe ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Tun daga shekarar 2024 masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure. Yaron da ya tashi a irin wannan ƙasa ya buɗi ido ne ya ga mai unguwa da dagaci da hakimi, ya ga yadda ake faɗuwa a yi gaisuwa, ya ga yadda ake kawo ƙara a saurari kowane ɓangare. Ba mamaki ke nan in wasansa ya ɗauki kamannin abin da yake gani.

Rayuwar ƙauyukan wannan yanki noma ce, saboda haka shi ma wasa yana da lokacinsa. Da damina ba mai sukuni, yaro da babba kowa na gona, in dare ya yi sai barci. Amma da an yi girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, gyaɗa ta tafi kasuwa, sai gari ya sami sarari. Da rana manya su taru a inuwar bishiya ko a ƙofar gidan mai unguwa, da dare kuma, musamman a kwanakin da wata ya yi haske, yara su cika dandali, ƙananansu kuma su kewaye tsohuwa a tsakar gida. A waɗannan wurare uku, watau inuwa da dandali da tabarmar kaka, aka yi renon wasannin da muke magana a kansu.

YADDA AKE BUGA DARA

Dara iri biyu ce a ƙasar Hausa, ko da yake suna ɗaya ake kiransu da shi. Ta farko ita ce mai gurbi 30, wadda maza suka fi bugawa. Akan tona 'yan ramuka a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Mutum biyu ke karawa, kowa da 'ya'ya 12. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗayan ya kakkarya tsinke ko kara, domin kada 'ya'yan su rikice. Da farko sai a riƙa sa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sa, wancan ya sa, har duka 24 su shiga, a bar gurbi shida babu komai. A wannan mataki ba a yarda mutum ya jera uku ba. Bayan an gama sa 'ya'ya sai a fara tafiya, gurbi ɗaya ɗaya, gaba ko baya ko gefe, amma ba a karkace ba. Duk wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ɗaya ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Jerin huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, to an cinye shi.

Mai karatu zai ga kamar abin ba wuya, amma gwanaye sun san cewa tun a wajen sa 'ya'ya ake ci ko a fāɗi. Yaro mai zafin kai yakan zuba ido a kan gurbin da ya cika, dattijo kuwa yana duban guraben da aka bari, domin ta nan ne tafiya za ta buɗe. Babban abin da kowa ke nema shi ne abin da 'yan dara a wurare da dama ke kira doki, watau mutum ya tsara 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da kawowa tsakanin gurbi biyu, kowace tafiya ta ba shi jerin uku. Wanda aka kafa wa doki sai dai ya zuba ido yana kallon 'ya'yansa na tafiya ɗai ɗai. Babu sa'a a cikin wannan wasa, babu abin jefawa. Haƙuri ne da hangen nesa da karanta zuciyar wanda ke gabanka.

Ta biyu ita ce mai gurbi 12, shida a kowane ɓangare, da 'ya'ya 48, huɗu a kowane gurbi. Mai wasa yakan kwashe 'ya'yan gurbi ɗaya ya bi yana zuba su ɗai ɗai a guraben da ke gaba. Wannan ita ce 'yar'uwar wasan da Yarabawa ke kira ayo, mutanen Gana kuma oware. Mata da 'yan mata sun fi yinta a tsakar gida, tare da carafke, kuma yarinya da yawa a nan ta iya lissafi tun kafin ta ga allon makaranta. Dokokin duka biyun sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, shi ya sa baƙo mai hankali yakan tambayi yadda ake yi a garin kafin ya tsuguna.

Dara ba ta mutum biyu kaɗai ba ce. Akwai 'yan kallo, waɗanda a ƙa'ida ba su da ikon sa baki, amma ba a rasa mai gyaran murya ko mai tarin ƙarya in ya ga nasa zai yi kuskure. A bayan manya kuma yara ne ke tsugune suna kallo, yau da gobe har ranar da wani kawu zai ce zo nan in gwada ka. Har cikin harshenmu wasan ya bar alama, domin in al'amari ya juyo ya faɗa wa mai shi, sai ka ji Bahaushe ya ce dara ta ci gida.

TABARMAR KAKA

In dara ta koya wa yaro lissafi da dabara, tatsuniya ita ce ta buɗe masa ƙofar tunani. Da dare ake yinta, bayan an ci tuwo, har ma akan tsorata yara cewa mai yin tatsuniya da rana zai ɓata. Hikimar wannan a fili take, domin rana ta aiki ce. Tsohuwa takan zauna, jikoki su kewaye ta, ta ɗauke su zuwa wata duniya inda Gizo da matarsa Ƙoƙi suke, inda dila yake malamin daji, kura take da kwaɗayi da wauta, Dodo kuma yake tsare bakin rafi. Gwanar tatsuniya ba ta faɗar labari da murya ɗaya. In ta zo kan Gizo sai ta yi tsamin baki, in ta zo kan Dodo sai ta kumbura murya har ƙaramin cikinsu ya matso jikinta.

Abin lura shi ne yaran ba sauraro kawai suke yi ba. Sai sun amsa kafin a fara, in an zo wurin waƙa su ne 'yan amshi, in tsohuwa ta tsallake wani wuri su tuna mata. Akwai ma irin labaran da ba su da ƙarshe sai wanda masu sauraro suka ba su. Alal misali, a ce samari uku ne suka haɗu suka ceci ran wata budurwa, ɗaya shi ya gano halin da take ciki, ɗaya shi ya kai su wurin da gaggawa, ɗaya kuma shi ne mai magani, sa'an nan a tambaya wane ne ya cancanci aurenta. Nan gardama za ta kaure, kowa ya kawo hujjarsa, tsohuwa tana saurare tana gane wane jika ne mai adalci, wane ne mai son kai. Irin waɗannan labarai suna da yawa a ƙasashen Afirka, har wani masani Ba'amurke mai suna William Bascom ya tattara su a littafi guda a shekarar 1975.

Haka nan kuma kacici-kacici. In aka kasa amsa, mai tambaya yakan ce a ba shi gari. A ba shi wani ɗan ƙauye ya ce ba ya so, sai an ba shi Kano ko Katsina ko Makka, sa'an nan ya karɓa, ya ɗan taɓa bayanin yadda ya shiga garin ya sha daɗinsa, kana ya faɗi amsa. Ta haka yaron da bai taɓa wuce kasuwar Rano ba yake sanin sunayen manyan birane, yana zagaya su a zuci alhali yana zaune a kan tabarma.

SARKI NA DARE ƊAYA

A dandali kuwa yara sukan tashi daga sauraron labari su shiga cikinsa da kansu. Akan naɗa wani sarki, a ɗaura masa rawanin tsumma, a ba shi waziri da alƙali da dogari mai bulalar kara, wani kuma ya zama maroƙi yana zuba kirari. Masu dokin kara su yi hawa su zo su yi jinjina. Sai a ƙago ƙara: akuyar wane ta shiga gonar wane, ko wane ya ci bashi ya ƙi biya. Mai ƙara ya faɗi nasa, wanda ake ƙara ya kāre kansa, a kira shaidu, alƙali ya yanke hukunci. Ba wanda ya rubuta musu abin da za su faɗa, kowa daga kansa yake ƙago maganar da ta dace da matsayinsa, kuma in alƙali ya yi son zuciya, nan take jama'arsa za su tuɓe shi. 'Yan mata su ma suna da nasu, da 'yar tsana da tuwon ƙasa da bikin aure na wasa, wata uwar amarya, wata uwar ango, a yi jere a yi buɗar kai yadda suka ga iyayensu na yi.

In yara suka zama samari, abin yakan girma ya zama kalankuwa, bikin da ake yi bayan kaka, inda a wurare da dama akan raba muƙamai irin na zamani, wannan gwamna, wancan joji, ga likita ga ɗan sanda. Da azumi kuma, daga goma ga wata, ga tashe, inda yaro zai sa gemun auduga ya zama tsoho, ko ya rataya tarkace ya zama mai magani, a birnin Kano kuma Nalako ya fito da tawagarsa yana tsokanar gwagware. Duk waɗannan abu ɗaya suke koyarwa: mutum ya shiga rigar wani na ɗan lokaci, ya ji yadda duniya take daga inda wancan yake tsaye. Ma'aikacin da yau yake sauraron koken jama'a a ofis, in ya yi tunani, zai ga a dandali ya fara koyon wannan aiki.

ABIN DA TURAWA SUKA SA A KWALI

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, irin wannan wasa da muka ɗauka ba a bakin komai ba, a wata ƙasa ya zama babbar sana'a. A shekarar 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a ƙasar Amurka, aka buga dokokin wani wasa da ake kira Dungeons & Dragons, wanda wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka tsara. Ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, kuma kwafi 1,000 kacal aka buga da farko. Kamfanin da ya fitar da shi, TSR, ya koma hannun Wizards of the Coast a 1997, shi kuma babban kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye wannan a 1999. A shekarar 2024 wasan ya cika shekara 50 ana yinsa a ƙasashe da yawa.

Ga yadda yake. Mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur. Ɗaya ya zama jagora, shi ne mai riƙe da labari. Sauran kowa ya ɗauki matsayi, wani mayaƙi, wani boka, wani ɓarawo, a rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan da yake ɗauke da su a takarda. Jagora ya ce, ga ku kun iso ƙofar wani gari da almuru, mai gadi ya hana ku shiga, me za ku yi? Kowa ya faɗi dabararsa, wani ya ce zai lallashe shi, wani ya ce zai haura ganuwa. Sai a jefa wata ƙwaya mai lambobi irin ta ludo, amma mai fuska 20, domin a ga ko dabarar ta ci. Ba a cinye kowa a wannan wasa, tare ake tafiya, kuma labari ɗaya yakan ɗauki watanni ana ci gaba da shi. Waɗanda suka yi shi suna yara a shekarun 1970 da 1980 yanzu sun zama iyaye da kakanni, da yawansu kuma sun kakkaɓe tsofaffin littattafansu suna zama da 'ya'yansu suna yi.

In muka auna, jagoran nan aikin kakarmu yake yi, masu ɗaukar matsayi kuma su ne sarki da waziri da dogarin dandali. Abin da suka fi mu da shi ɗaya ne: sun rubuta dokokin nasu, saboda haka uban da ya yi shekara 30 bai taɓa wasan ba zai iya buɗe littafi ya tuna. Namu kuwa a ƙirjin tsofaffi yake. Ba kuma cewa ake duk wasan da ya zo daga waje abokin gaba ba ne. Ludo daga wani tsohon wasan Indiya aka samo shi, aka yi masa rajista a Ingila, katin Whot kuma wani Bature mai suna William Storey ya ƙago shi a 1935. 'Yan makarantar kwana suka riƙa kai su ƙauye lokacin hutu, har suka zama kamar namu, domin su ma suna tara mutane wuri ɗaya fuska da fuska.

INDA IGIYAR TA TSINKE

Abubuwa da dama sun haɗu sun rage wa dandali armashi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta kawo noman rani a yankunan Kura da Bunkure da Garun Malam, lokacin da a da na hutu ne ya zama na aiki, kuma wannan alheri ne da ba mai musunsa. Shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai yara aji, daga nan wasu suka wuce makarantun kwana. Gidan talabijin na Jihar Kano ya fara aiki a 1982, finafinan Hausa na bidiyo suka biyo baya daga 1990, wayar hannu ta iso a 2001, ga kuma gidajen kallon ƙwallo da suka shiga har ƙauyuka. Bugu da ƙari, iyaye da yawa yanzu ba sa sakin jiki su bar yaro a waje da dare.

To amma babban dalili yana cikin gida. A al'adar Bahaushe ba uba ne ke wasa da ɗansa ba. Akwai kunya tsakaninsu, musamman ɗan fari, wanda iyaye ko sunansa ba sa faɗa. Wasa aikin wasu ne da al'ada ta ware: kaka, wadda ke kiran jikanta namiji mijinta, mace kuma kishiyarta, kakan da zai tsokani jika ya ce ya fi shi kyau, taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, masu karɓar kuɗin shara da cika-ciki, sai kawu da gwaggo da baffa, waɗanda yaro ke sakewa da su fiye da iyayensa. Ta hannun waɗannan ne dara da tatsuniya suke gangarowa. A babban gida na ƙauye duk suna nan a katanga ɗaya, ba sai an neme su ba.

Yanzu dubi ma'aikacin da ya baro Saji ko Rurum ko Tarai ya kama haya a Kano, daga shi sai matarsa sai 'ya'yansu. Ya zo da kunyarsa, amma ya baro kaka a gida. Ya gaji rabin al'adar, watau rabin da ya hana shi zama a tabarma da ɗansa, ya bar rabin da ya tanadi wanda zai zauna a madadinsa. Yaran sukan je ƙauye da salla, kwana biyu ko uku, ana cikin gaishe-gaishe har a juyo. Wayar hannu ba ita ta kori kaka ba, gurbin da kaka ta bari ta tarar babu kowa ta zauna. Wanda ya tuna zaman kulle na cutar korona, da aka fara a Kano a watan Afrilu na 2020, zai tuna yadda wasu gidaje suka lalubo ludo da kati, iyaye suka ga ashe 'ya'yansu suna ƙishin a zauna da su.

MAGANAR MALAMAI

Ba za a yi wannan bayani a tsallake jan kunnen malamai ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hani game da wasan nardi, wanda ake jefa ƙwaya a cikinsa, littafin Risala kuma, da ake karantawa a zaurukanmu, ya haɗa har da shaɗaranji. Mutane kuma sun ga yadda wasu magidanta ke shantakewa a gindin dara har salla ta wuce, gida babu cefane, wasu ma su sa kuɗi abin ya koma caca. Wannan abin ƙi ne, ba mai hankalin da zai kāre shi. Ko a Amurka ma, a shekarun 1980, wasu ƙungiyoyin addinin Kirista sun yi ta sukar wancan wasa nasu saboda bokaye da dodannin da ke cikinsa.

Sai dai wannan ƙarin dalili ne na a ce babba ya kasance a wurin. Yaron da ya koyi wasa a gaban kakansa ya koya ne tare da iyakarsa: ba a sa kuɗi, ba a zagi, in an kira salla a tashi. Wanda ya koya a bayan gari ko a cikin waya ba mai faɗa masa haka. Magidancin da yake da shakka game da wani wasa sai ya tambayi malaminsa, kuma ko ya ajiye wannan, ga tatsuniya da kacici-kacici da wasan sarauta, waɗanda ba a jefa komai a cikinsu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Magabata sun yi nasu ƙoƙarin. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa littafi uku tsakanin 1911 da 1913. A farkon shekarun 1970 marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni, Umaru Dembo kuma ya rubuta Wasannin Yara, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga. Langa da dambe da kokawa da ayo sun sami shiga Bikin Wasanni na Ƙasa. Amma littafi ajiya kawai yake yi, wasa ba ya rayuwa sai ana yinsa.

Ga ɗalibai, musamman masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilmi, aikin a bayyane yake. In an yi hutu, a sami dattijon da ya iya dara a garinku, a durƙusa a gaishe shi, a ce Baba a koya mini, a rubuta dokokin yadda ake yi a wannan gari da sunayen da ake kiran kowace dabara. Abin da aka rubuta a Saji a gwada shi da na Kibiya, a ga inda suka saɓa. Sassan ilmi na ƙananan hukumomi za su iya shirya gasar dara tsakanin makarantun firamare, abin da ba ya bukatar kwangila, tun da ƙasa da tsakuwa ba saye ake yi ba. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano kuma ita ce ta dace ta adana abin da aka tattara.

Ga ma'aikata kuwa, nasu ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi. Wanda Allah ya bar masa iyaye da rai, ya riƙa kai yara su yi mako biyu ko uku a wurinsu da dogon hutu, ba kwana biyun salla kaɗai ba. Wanda kuma nasa suka riga mu gidan gaskiya, to ya sani kujerar kaka ta faɗo kansa tun kafin ya yi furfura. Dare ɗaya a mako ya isa. Bayan sallar lisha a kashe talabijin, a shimfiɗa tabarma, a zāna gurbi 30 a bayan kwali, a samo marafan kwalba 12 iri ɗaya da wasu 12 na wani iri. Ko kuwa maigida ya ce wa babban ɗansa kai ne dagaci yau, ke kuma ke ce mai akuya, kai ne mai gona, uwargida ta zama shaida, a ga yadda za su raba gardama. Kunya ba ta hana uba koya wa ɗansa riƙon fartanya ba, ba kuwa za ta hana shi nuna masa yadda ake kafa doki ba.

Tsofaffin da suka san waɗannan abubuwa kullum raguwa suke yi, kuma kowane ɗaya ya tafi, da abin da ke ƙirjinsa yake tafiya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Begen da ake yi a ofis ba zai koya wa yaro ko ɗaya dara ba, sai an tsuguna an tona gurbi. Allah ya ba mu ikon miƙa abin da aka miƙo mana, amin.